Wata Shida Ina Raba Ruwa a Ƙasar Sanyi

Kafin ma wani ya ce mani sannu da zuwa a ƙasar nan, an riga an ƙwace mani kwalabe biyar.

Sunana Sanusi, haifaffen Mairuwa ta Faskari. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata kwaleji, ina kuma neman digiri na uku. Shekara uku na yi ina haɗa wani sinadari a jami'armu, da kayan aikin da rabinsu mu muka ƙera. Aiki ɗaya ya rage mani, wato in ga siffar abin da na haɗa a babban madubin lantarki, na'urar da ke nuna abin da ya fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Namu madubin ya daɗe da mutuwa. Shi ya sa da wani Farfesa a Turai ya amsa wasiƙata, ya ce in zo in yi wata shida a wurinsa, na ɗauka Allah ya yanke mani wahala. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don akwai mutanen kirki a cikinta.

A filin jirgi, jami'in da ya buɗe jakata ya zaro akwatina mai ƙananan kwalabe goma sha biyu. Ya ɗaga ɗaya, ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Mene ne wannan?"

Na miƙa mashi takardar jami'armu da ta Farfesan. Ko kallonsu bai yi ba. Sai na shiga yi mashi bayani kamar ina gaban ɗalibaina. Na ce ruwan da muke sha iska biyu ce a haɗe, haidirojin da oksijin. Idan ka sa mashi wutar lantarki sai su rabu. Haidirojin makamashi ne, ana so a riƙa girki da shi, a tuƙa mota, ba hayaƙi. Shi fitowarsa ba wuya. Oksijin ce mai taurin kai, ita ke shanye wutar. Don haka ake neman abin da zai sauƙaƙa mata fita, kamar yadda kanwa ke sa wake ya nuna da wuri. Wanda aka saba amfani da shi ya fi zinariya tsada. Nawa kuwa nikel ne da baƙin ƙarfe, kayan talaka.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Daga Najeriya ka ce?"

Aka kai ni wani ɗaki mara taga, na wuni a kan benci. Can da la'asar ya dawo mani da akwatin, kwalba bakwai a ciki. Sauran biyar wai za a kai gwaji, a aiko mani. Har yau da nake wannan rubutu ana aikowa. Biyu daga cikinsu su ne mafi kyawun abin da na taɓa haɗawa, kowace ɗaya aikin wata guda.

Zango na biyu shi ne masauki. A hoto an nuna mani ɗaki mai taga da tebur. Da na iso, mai gidan ya ce wancan an ba wani, ya buɗe mani wani lungu a ƙarƙashin bene inda ake ajiye tsintsiya da guga. Idan zan yi sallah sai na jingine katifa da bango. Na yi magana, ya ɗaga kafaɗa ya ce ga ƙofa nan. A waje ƙanƙara ce ke zuba, ni kuwa ban san kowa ba. Na shiga lungun.

Washegari na isa ɗakin bincike da sabuwar kaftanina a ƙarƙashin rigar sanyi. Farfesan dogon mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta wuce haƙora. Ya riƙe hannuna, ya ce sunana na da wuya, zai riƙa kirana Sani. Na ce mashi Sani wani suna ne daban, sunan ƙanen babana ne ma. Ya yi dariya, ya ce, "Madalla, Sani," ya haɗa ni da mataimakinsa, Dokta Tomas, ya wuce.

Dokta Tomas ya nuna mani wurin wanke kwalabe. Ya ce kowane baƙo da nan yake farawa. Daga baya na ga baƙi biyu sun zo daga wata ƙasar Turai, ba wanda ya fara da nan. Maganar madubi kuwa, ya ce akwai layi, in rubuta sunana. Na rubuta. Duk mako in je in duba, in tarar an sa wani a samana.

Haka na yi wata biyu. Mutum da iyalinsa, da ɗalibansa da ke miƙewa idan ya shigo aji, ga shi da safar roba yana goge kwalaben yaran da ya girma da shekara goma. Na haƙura, don na san abin da ya kawo ni.

Abin da ya fi wankin ci mani rai shi ne gida. A lokacin an katse layukan waya a yankinmu saboda ɓarayin daji. Inna, mahaifiyata, tana Mairuwa. Maiɗakina da yara suna Ƙanƙara a gidan yayana, Yaya Sale. Idan yana so mu gaisa sai ya hau mashin ya yi tafiya mai nisa, har inda layi ke kamawa, kuma hanyar ba ta da tabbas. Mun yi da shi duk Juma'a bayan an sauko. Wata Juma'ar ya kira, wata shiru. Ranar da aka yi shiru, sai in zauna da waya a hannu ina jin 'yan ɗakin suna gardamar inda za su je hutu.

A wata na uku aka ƙara mani matsayi, aka ce in riƙa yi wa sinadarin Farfesa gwaji. Wannan sinadari shi ne abin alfaharin ɗakin. Sun haɗa shi da nikel, sun yi mashi siffar ƙananan allurai, suka ce siffar ce ke sa ya fi na kowa. Hotonsa ma an manna a bakin ƙofa. Gwajin ba wuya. Za ka tsoma shi a ruwan fotash, ɗan'uwan ruwan tokar da matanmu ke haɗa sabulu da shi, ka sa wuta, ka ga yawan wutar da ya ci kafin oksijin ta fara kumfa. Wanda ya ci kaɗan shi ne gwani.

Malamina na gida ya koya mani abu ɗaya: kada ka yabi doki sai ka gwada shi da jaki. Don haka a gefe na tsoma soson nikel zalla, wanda ba a shafa mashi komai ba. Ranar farko jakin ya nuna shi jaki ne. Rana ta biyu ya ɗan motsa. Kafin mako ya ƙare, ya kusa kamo dokin Farfesa. Na sake da sabon soso, haka. Na sake na uku, haka.

Ran Litinin a taron mako na nuna sakamakon. Dokta Tomas ne ya fara magana.

"Ka gurɓata shi ne. Ka wanke kwalaben da kyau kuwa?"

Na ce, "Wata biyu ni ke wanke kwalaben kowa a nan. Idan wankina ne, ai naku ma duk sun gurɓace."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Farfesa ya gyara tabarau, ya ce a hankali, kamar mai lallashin yaro, "Sani, na san a inda ka fito ba a saba da irin tsabtar da muke bi a nan ba. Ba laifinka ba ne. Tomas zai sake nuna maka yadda ake sa safar hannu."

Wallahi na ji maganar nan har cikin ƙashina. Ni da nake wanke hannu da fuska da ƙafa sau biyar a yini tun ina ɗan shekara bakwai, ni za a koya wa tsabta a gaban mutum goma sha? Kuma Dokta Tomas ya tashi, ya ɗauko safa, ya nuna mani yatsa bayan yatsa. Na tsaya na kalla har ya gama. Na san idan na buɗe baki a lokacin, jirgin gobe zan bi.

Akwai wata dattijuwa a ɗakin, Madam Hanna, mai kula da na'urori da ɗakin ajiya. Ta kusa ritaya, ba ta da digirin da ake kira da shi, kuma ba a tambayarta ra'ayi a taro. Tun zuwana gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai wata rana da ta ga ina cin busasshen burodi ta tura mani rabin tuffarta ba tare da ta dube ni ba. Bayan taron nan ta same ni a wurin wanki, ta ajiye wata farar roba a gabana, ta sa yatsa a kan ƙananan rubutun da ke jikinta.

Ta ce, "Karanta nan. Shekara biyu ke nan da suka koma sayen wannan, don ya fi araha. Na faɗa, ba wanda ya ji."

Robar fotash ce. A cikin jerin abubuwan da ke gauraye da shi, ga baƙin ƙarfe nan, ɗan mitsitsi. Nan take na tuna abin da na taɓa karantawa tun a gida: nikel na tsotsar baƙin ƙarfe daga cikin ruwa, ko ɗan yaya ne, kuma da ya tsotsa sai ya zama gwani. Dalilin da ya sa ni na zuba baƙin ƙarfe a nawa da gangan ke nan. Ashe soson da na tsoma ba hannuna ya gurɓata shi ba, ruwansu ne ya yi mashi gata. Tambayar da ta rage ita ce, shi dokin Farfesa fa?

Kwana huɗu na yi ina tace ruwan. Na zuba mashi garin nikel ya kwana yana tsotse ƙarfen, na juye, na sake. Madam Hanna ta nemo mani mazubin roba, don fotash na cin gilashi. Ran Alhamis da hantsi na tsoma abu uku a tataccen ruwa: soso zalla, sinadarin Farfesa, da abin da ke cikin ɗaya daga kwalabena bakwai. Soson ya koma jakinsa. Na Farfesa ya zauna kusa da shi, wuta na shiga, kumfa sai ɗai-ɗai. Nawa kuwa ya dinga tafasa kamar an jefa gauta a mai. Madam Hanna ta sunkuya tana kallon kumfar, ta ce, "A ina ka ce ka haɗa wannan?" Na ce a tukunyar ƙarfe da wani maƙeri ya yi mana murfinta. Ta girgiza kai ta yi dariya.

Ban kai maganar taro ba. Na ce babba ne, kada in kunyata shi a gaban yaransa kamar yadda ya yi mani. Na same shi a ofis, na ajiye takardun. Ya daɗe yana dubawa. Na zaci zai ce, "Ka yi haƙuri." Kalma biyu ce a harshensu, ba ta da nauyi.

Sai ya ce, "Abin sha'awa. Dama ni da Tomas mun jima muna zargin haka."

Bayan mako biyu na ga sabon daftarin takardarsu. An sauya labari gaba ɗaya. Yanzu wai sun gano yadda baƙin ƙarfe ke tayar da allurai nasu. Jadawalin da na kwana huɗu ina tace ruwa dominsa yana shafi na uku. Sunaye shida ne a sama, har da na wata da ke hutun haihuwa tun kafin in zo. Nawa yana can ƙasa, wurin godiya: ana gode wa "S. Anusi" saboda taimakon wanke-wanke da gwaji.

Na koma ofishin. Wannan karon Dokta Tomas na ciki. Farfesa ya ce in zauna, yana da albishir. Za su ba ni madubi yini uku cur. Sharaɗi ɗaya ne, in rubuta masu yadda nake haɗa sinadarina dalla-dalla, a buga shi a matsayin aikin ɗakinsu, Tomas a farko, shi a ƙarshe, ni a tsakiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara uku na yi a kan abin nan kafin in san da ku."

Ya ce, "Ka yi tunani. Takarda daga jami'arku, wa zai karanta? Da sunanmu a kai, duniya za ta gani. Taimakonka muke."

Na ce, "Wasiƙarka ta ce in zo in yi amfani da madubi. Ba ta ce in zo da abin biya ba."

Dokta Tomas ya ce, "To, layi na da tsawo."

Na fito. Saura mani mako biyar, kuma idan na koma ba hoto, shekara ukun nan ta tafi a banza.

Juma'ar makon nan Yaya Sale bai kira ba. Ta gaba ma shiru. Sai ran wata Talata da azahar waya ta yi ƙara ina tsakiyar gwaji. Na fita baranda da gudu.

"Sanusi, kana jina? Kowa lahiya, ka kwantar da hankalinka."

"Yaya, mi ya faru? Ina Inna?"

"Ga ta nan gidana. Mutanen nan sun shigo Mairuwa ta bayan gari, sun kore shanu, sun sa wa rumbuna wuta. Namu biyu sun ƙone. Da ƙafa suka fito ita da su Gwaggo, sai da suka yi nisa aka samu mota. Ƙafafunta ne suka kumbura, amma tana cin abinci."

Na ce zan taho cikin makon. Ya ce, "Ka taho ka yi mi? Ka kashe wutar da ta riga ta mutu? Na gaya mata zan kira ka, ta ce in ce maka kada ka kuskura ka dawo ba abin da ka tahi nema."

Layin ya yanke. Na zauna a kan matakala, a cikin sanyin nan, na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar Baba. Dawar shekara guda ta ƙone, tsohuwa ta yi gudun ranta da ƙafa, ni kuwa ina nan ana ciniki da ni a kan hoto.

A nan Madam Hanna ta same ni. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta zauna a matakalar sama. Da za ta tashi ta ce, "Duk ranar Asabar da safe ni ke duba lafiyar madubin. Doka ta ce in sa wani abu a ciki in gwada shi. Ba ta faɗi ko mene ne ba. Ƙarfe takwas."

Ranar Asabar na je da kwalabena. Ta yanki ɗan ƙaramin soso mai ɗauke da sinadarina, ta sa a na'ura, ta yi ta murɗa. Da farko toka-toka kawai nake gani a allo. Can sai abu ya fito. Ganye ne, siraran ganye bila adadin, a tsaitsaye, suna jingine da juna kamar an yanka kabeji biyu, ko'ina ramuka da lunguna inda ruwa zai shiga. Shekara uku ina gaya wa mutane haka siffarsa za ta kasance, da lissafi kawai, ban taɓa gani ba. Na ce, "Alhamdu lillahi," da ƙarfi. Ta ce, "Na gane wannan, ko ba fassara."

Asabar uku muka yi, ta rubuta kowace a littafin na'ura da sunana cikakke, ta sa hannu. Na ce mata ina tsoron kada su huce a kanta. Ta ce, "Saura mani wata huɗu. Me za su yi, su hana ni tsufa?"

Ranar da zan tafi na shiga yi wa Farfesa sallama, don ba a raine ni da fita ba sallama ba. Ya riga ya ga littafin. Bai miƙo hannu ba.

Na ɗauka fushina ya ƙare a can, ashe saura na gida. Na wuce Ƙanƙara na ga Inna, na kwana biyu, sannan na koma jami'a. Shugaban sashenmu ya kira ni, ya tura mani wata wasiƙa a kan tebur. Farfesa ne ya rubuto, wai ni mutum ne mai wuyar sha'ani, ba na aiki da jama'a, zai yi nazari kafin ya sake karɓar wani daga wurinmu.

Shugaban ya ce, "Malam Sanusi, mi ya sa ba ka yi haƙuri ba? Sunanka a tsakiya ai suna ne. Ga shi ka toshe wa na baya hanya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hanyar da sai an bar kaya a bakinta ake wucewa, irinta ce muke fama da ita tsakanin Faskari da Sabuwa. Ban san ana roƙon a bar ta a buɗe ba."

Bai ji daɗin maganar ba, ni ma ban faɗa don ya ji daɗi ba. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne bai tambaye ni ko na samo hoton ba. Da za a gyara namu madubin, ai da ba wanda zai je ya wanke wa wani kwalba.

Na rubuta takardata, sunana a farko, na malamina a ƙarshe. A wurin godiya mutum ɗaya na sa, na kuma tabbatar na rubuta sunanta daidai. Mujallu biyu suka mayar mani, ta uku ta karɓa, 'yar ƙarama ce amma ana karanta ta. Na kare digirina. Inna ba ta koma Mairuwa ba har yanzu.

Bayan kamar shekara guda, ina ofis ina duba takardun jarrabawa, saƙo ya shigo daga Dokta Tomas. Ya fara da "Abokina Dokta Sanusi," harafi bai ɓace ba. Wai sun ga takardata, sun taya ni murna. Suna da wani babban aiki da ke buƙatar irin sinadarina, sun yi wata uku suna gwadawa, ganyen ba ya tsayuwa, sai ya dunƙule. Ko zan taimaka in gaya masu inda suke kuskure, saboda zumuncin da ke tsakaninmu?

Na san inda suke kuskure. Garaje suke yi wurin sanyaya tukunya, kuma na rubuta wannan ƙarara a takardar, ba su karanta da kyau ba ne. Na yi niyyar in share saƙon. Na tashi na yi alwala, na yi la'asar, na dawo. Ilmi ba nawa ba ne da zan ɓoye, kuma idan abin ya yi aiki a hannunsu, wata rana mai girki a ƙauyenmu na iya amfana. Sai na rubuta mashi:

"Dokta Tomas, amsar tana shafi na huɗu, sakin layi na biyu. Ku bar tukunyar ta huce da kanta har safe. Idan kun buga, ku ambaci takardar."

Ya amsa cikin minti goma, da godiya har layi uku. Shi Farfesa har yau bai ce komai ba, ni kuma na daina jira.